Ja a Taswira

A Lima, kan titin Abancay, hawa na uku,
na kafa na'urata a barandar Don Eulogio,
mai gyaran agogo, saba'in da ɗoriya.
Ƙafa uku gare ta, kunne ɗaya,
da hular soso don kada iska ta yi mata raɗa.

Ya ce, "Maritza, me kike farauta?"
Na ce, "Ƙara."
Ya yi dariya har tabarau ya zame masa:
"Yau ga kifi ya fito cigiyar ruwa."

Aikina ƙidaya ne.
Mota nawa a awa guda, nawa ne manya a ciki,
gudunsu, tsufan kwalta,
taku nawa daga taya zuwa tagar mai barci,
da yadda bango ke cafe amo ya wurga wa bango
kamar maƙwabta a bakin famfo.
In zuba duka cikin lissafi, in dama,
kwamfuta ta haifo taswira:
kore inda jariri zai yi barcinsa,
rawaya inda hira sai da ɗaga murya,
ja inda kunne ke biyan haraji dare da rana.

Gidansa ja ne, jawur.
Saba'in da takwas da azahar, in ji ma'auni,
da dare ya ɗan sauka, kamar zazzaɓi mai naci.
Na ce nan da shekara goma zai hau da uku.
Ya ce, "Uku kacal?"
Na ce, "Ukun wannan awo ninkin ƙarfi ne, tsoho."

Shi ma da nasa hasashen.
Ya san Juma'a daga kukan birkin ƙananan bas,
ya san ƙarshen wata daga odar 'yan tasi,
in hazon teku ya jiƙa kwalta
yakan ji tayoyi na suya kamar mai a kasko.
Agogo kuwa, ya daɗe da daina saurarensu.
Sai ya manna su a muƙamuƙi,
ƙashi ya ji abin da kunne ya rasa.

Lissafina bai san yaron mota ba,
da ke rataye a ƙofa yana rattaba sunayen unguwanni.
Bai san direban da ya fito da fushin gida ba.
Kullum sai ya bar mini giɓi na biyu ko uku,
in rubuta a gefe: kuskure.

Sai ga wata Laraba, direbobi suka ajiye makulli.
Yajin aiki.
Babu shi a taswira, babu shi a shekara goman.
Lambobi suka yi ta gangarowa a fuskar na'ura
har hamsin da ɗaya,
na ɗan buge ta, na zaci ciwo ne.

Na same shi tsaye tsakiyar shago, ba takalmi.
Agogo arba'in a bango, kowanne da bakinsa,
ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaji a kan tire.
Ya ɗaga yatsa: kada in yi motsi.
Ya bi sautin a hankali har kusurwa,
gun wani ƙarami mai fuskar tagulla.

"Na Rosaura ne," ya ce. "Ɗingishi yake yi.
Tun yaushe? Tun tana raye?"

Bai jira amsa ba. Ya sa gilashi a ido,
ya buɗe bayansa, hannu na rawa,
yana sauri kamar mai shanya ya hango hadari,
don ya san gobe za su dawo.

Sun dawo kuwa, tun kafin gari ya waye.
Saba'in da takwas. Lissafina ya yi daidai.
Na naɗe ƙafafun na'ura, na cike takarda,
na duba ta sama da ƙasa
ban ga gurbin da zan sa agogon ba.